Laktaye A Ƙasar Babbar Riga: Ina Matsayinsa?

Duk wanda ya shiga kasuwar Talata Mafara ranar Talata, zai yi yawo har ƙafarsa ta gaji kafin ya ga namiji ɗaya da laktaye a wuya. Abin da ido zai yi ta cin karo da shi shi ne kaftani da hula, da babbar riga, da rawani jefi-jefi. Haka abin yake a Bakura, haka yake a Maradun. Amma a leƙa banki ranar Litinin, ko majami'a ranar ɗaurin aure, sai ga wannan ɗan ƙyalle ya bayyana a wuyan samari da dattawa. To, ina ya fito, kuma me ya sa muke sha'awarsa?

Asalinsa

Mutane da yawa suna ɗauka Ingilishi ne suka ƙago shi. Ba haka ba ne. A zamanin wani yaƙi na shekara 30 da aka gwabza a Turai daga 1618 zuwa 1648, Sarkin Faransa ya ɗauki sojan haya daga ƙasar Kuroshiya. Waɗannan sojoji sukan ɗaura ƙyalle a wuya, sai abin ya burge mutanen birnin Faris, fadawa da attajirai suka ara suka yafa. Har yau sunan laktaye a Faransanci daga sunan mutanen Kuroshiya aka samo shi, su kuwa sun keɓe ranar 18 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da shi. Irin wanda muke gani yanzu, wani mai ɗinki a Niyok, Jesse Langsdorf, shi ya fito da shi wajen 1924, da ya gano cewa in an yanka yadi a karkace aka haɗa shi gida uku, zai kwanta a ƙirji ba tare da murɗewa ba.

Nan ƙasarmu kuwa, ya shigo ne a wuyan Joji da Razdan, da ma'aikatan kamfanonin ciniki, da malaman makarantun boko da na mishan. Wannan yanki namu ya ƙara ganin masu tufafin Turawa a lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori tsakanin 1974 da 1978, aikin da ya jawo injiniyoyi da akawuna da direbobi daga sassa daban-daban na Nijeriya. Tun daga nan mutanen karkara suke haɗa kwat da laktaye da mai albashi, ko kuma baƙo.

Rigar girma

Sai dai kuma a nan ba laktaye ne rigar girma ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan uku ya ba da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Dukansu da babbar riga ko kaftani da hula jama'a suka san su. Ko Dauda Lawal da aka zaɓa a 2023, wanda ya daɗe yana aikin banki inda kwat da laktaye ke sarauta, da ya fito neman ƙuri'a sai ya koma ga kayan gida. Wato dai laktaye yana da ofishinsa, amma in an zo fada ko taron jama'a, shadda ce a gaba.

Ba mu kaɗai ba ne. Tun bayan juyin juya halin 1979, shugabannin Iran ba sa ɗaura shi. A 2005 gwamnatin Japan ta roƙi ma'aikata su ajiye shi lokacin zafi don a rage wutar da na'urar sanyaya ɗaki ke sha. Asibitocin Ingila ma sun hana likitoci sa shi wajen duba majiyyata, don yana kwasar ƙwayoyin cuta. In masu sanyi sun yi haka, ina ga mu da zafin Afrilu kan haura digiri 40?

Duk da haka ba za mu raina shi ba. Yana gyara tsayuwar namiji, yana nuna ya shirya wa abin da ya fito yi. Saurayin da ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, aka kira shi ganawar neman aiki a banki a Gusau ko Abuja, in ya tafi wuya sake, ya rage wa kansa maki tun kafin ya buɗe baki. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Wanda zai ɗaura kuwa, ya ɗaura daidai: bakinsa ya tsaya a kan bel, ƙullin ya rufe maɓallin wuya, riga mai ado ta sami laktaye marar ado. In an dawo gida a kwance ƙullin a rataye shi. Kada kuma a kusanci injin niƙa ko na ban ruwa da shi, don yana iya shaƙe mutum.

Inda gizo ke saƙar

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda waɗansunmu suka mai da laktaye kamar alamar bangaskiya. Akwai majami'un da in dattijo ya zo da babbar riga sai a riƙa dubansa kamar ya yi ɓatan hanya. Akwai samarin da ba sa yarda su hau wurin mawaƙa sai da shi. Akwai angwayen da ke cin bashi don ɗinka wa abokai kwat iri ɗaya, a yi rawa yini guda, amarya ta tare a gidan da babu buhun gero. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Mu tuna, 'yan'uwa, cewa a garuruwan nan mu 'yan kaɗan ne, kuma an daɗe ana yi wa Kirista kallon baƙo ko da a nan aka binne cibiyarsa. In muka yar da tufafin kakanninmu da hannunmu, mun taimaka wa masu wannan zato ke nan. Laktaye kayan sojan Kuroshiya ne da Faransawa suka ara, bai zo da bishara ba, ba kuma ya ƙara wa addu'a nauyi.

Saboda haka shawararmu ita ce, kowane saurayi ya koyi ɗaura shi, ya ajiye ɗaya ko biyu a akwati domin ranar da aiki zai bukata, ko na gwanjo ne ya isa. Amma ya ɗinka kaftaninsa, ya nemi hularsa, ya shiga majami'a da su ba tare da jin kunya ba. Iyaye da shugabannin matasa su ma su sassauta wa angwaye. Allah ya ba mu ikon gane daidai ruwa daidai tsaki, amin.