Laimar Kwaɗi da Noman da Gara Ke Yi



Wanda duk ya fita ta Ƙofar Gayan da damina, ya ratsa gonakin bayan ganuwa, ba zai rasa ganin laimar kwaɗi ba, wadda wasu ke kira naman kaza. Bahaushe kan wuce ta, alhali kuwa Bayarabe miya yake yi da ita.

Irin da ke fitowa a jikin suri amfanin gona ne, manomiyar kuwa gara ce. Takan tauna kara da busasshen itace, ta gina wani abu mai kama da saƙar zuma a cikin surin. A kansa ne zaruruwan laimar ke yaɗuwa, su narka abin da cikin gara ba ya iya narkawa, sa'an nan gara ta ci. In ruwa ya zauna sai laimar ta huda ƙasa ta fito, da doguwar jijiya da tsini a tsakar ka. Wani masani Bafaranshe, Roger Heim, shi ya raɗa wa wannan jinsi suna Termitomyces a 1942. A Zambiya akwai irin da faɗinsa kan kai mita 1.

Amma fa ba kowace laima ake ci ba. Akwai wata fara mai kyan gani da ke tsirowa cikin ciyawa, ƙurar irinta kore ce, tana sa amai da zawo mai tsanani. Ta Turai mai suna Amanita phalloides ta fi ta mugunta: sai bayan sa'a 6 ko fiye ciwon ke bayyana, ta lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe dafinta. Zancen wai abin da dabba ta ci ba ya cutar mutum, wannan camfi ne.

Masu sha'awar abin a Ingila sun kafa ƙungiya a 1896, suna fita daji tare, gwani na nuna wa ɗan koyo. Nijeriya ma tana da ƙungiyar masanan wannan fanni. A ganina ɗaliban Zariya na iya fara tasu: su tsinko, su kife kan laimar bisa takarda ta kwana don ganin launin ƙurar, su rubuta sunan da dattawan unguwa ke kiranta, kana su kai wa malaman Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Kafin nan, kada kowa ya kai ta baki.