Dashen haƙori: Dabarun da ke sa ƙashi ya kama ƙarfe da wuri

A shekarar 1952, wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya zo cire ɗan ƙarfen titaniyam da ya saka a ƙafar zomo, sai ya ƙi fita. Ƙashi ya riga ya manne masa. Nan dashen haƙori na zamani ya samo asali, aka kuma fara yi wa mutum a 1965.

Matsalar ita ce jira. Kusoshin farko sumul suke, sai majiyyaci ya yi wata uku zuwa shida kafin a ɗora masa haƙori. Don a rage hakan, aka fara fesa wa kusar haɗin kalsiyam da fosfet, irin sinadarin da ke cikin ƙashi. Ƙashi na saurin kama shi, amma wani lokaci shafin kan ɓare daga jikin ƙarfen. Shi ya sa kamfanoni da dama suka koma watsa wa kusar yashi da ƙarfi, sannan a tsoma ta cikin asid ta yi kaushi. Jira ya sauko zuwa mako shida ko takwas.

Sai dai kaushin da ƙashi ke so, ƙwayoyin cuta ma suna son sa. Idan dasashi ya ja baya, sukan maƙale su ci ƙashin har kusar ta fara girgiɗi, musamman a bakin mashaya taba.