Miƙa wayar, ka kama bakinka

Masassaƙin jirgin ruwa a Wara ko Yawuri, komai ƙwarewarsa, ba ya rantsuwa a kan jirgi sai an tura shi ruwa. A tudu kowane jirgi lafiyayye ne. To haka gem ɗin waya yake. Yanzu da manhajoji irin su Scratch da Godot suke kyauta, matashi mai tsohuwar kwamfuta zai iya ƙirƙirar nasa a ɗakinsa, amma ruwan da zai gwada shi a ciki hannun wani ne.

A ce ka haɗa gem na tseren jirage irin na bikin Rigata. Wata uku kana kansa, ka san inda dutse yake, ka san inda za a danna jirgi ya karkata. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan maganar ta juya: idonka ya saba, ba ya ganin ɗigon. Miƙa wa ƙaninka wayar, kada ka ce masa komai. Dubi babban yatsansa. In yana ta dangwalar kusurwar da babu maɓalli, ko ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ina zan danna?", ya gama ba ka rahoto. Da zarar ka buɗe baki ka yi masa bayani ka ɓata gwajin, domin wanda zai sauke gem ɗin a Shanga ba zai same ka kusa da shi ba. Kuma ka gwada a ƙaramar itel mai fasasshen gilashi, ba a wayarka mai tsada kaɗai ba.

Babbar matsalarmu kara ce. Aboki zai buga minti ɗaya, ya ce, "Kai, ya yi! Allah ya ƙara basira." Addu'a ce mai kyau, amin, sai dai ba ta nuna inda aka rikice. Wani kuma ya taɓe baki ya ce wannan ai shirme ne. Su biyun duk sun bar mai gem hannu rabbana. Wanda ya taimaka shi ne mai cewa, "A mataki na biyu na nutse sau biyar, ban ga abin da ya buge ni ba." Wannan magana tana da wuri, tana da adadi, ana iya zama a gyara ta a daren.

Ga misali: a Mayun 2009 Markus Persson, ɗan ƙasar Suwidin, ya saki gem ɗin Minecraft tun bai kammalu ba. 'Yan wasa suna bugawa suna ƙorafi, yana gyarawa, sai a Nuwamban 2011 cikakken ya fito. A 2014 Microsoft ya sayi kamfanin nasa a kan dala biliyan 2.5.

Ba kowace shawara ake ɗauka ba, a ganina. Mai buga gem gwani ne wajen nuna inda ke ciwo, amma ba lallai ya san magani ba. In ya ce a ƙara wa jirgi gudu, wataƙila tseren ne ya yi tsawo har ya gundure shi. Rubuta ƙorafin a littafi, ka yi godiya, kada ka tsaya musu. In mutum uku da ba su san juna ba suka maƙale a wuri ɗaya, nan za ka fara gobe da safe.