KANWA A GIDAN BAHAUSHE: AMFANINTA DA ILLARTA GA MAI JEGO

Hausawa na cewa kanwa uwar gami. A Kunduru, ta ƙasar Kankiya, da wuya a shiga madafi a rasa ɗan ƙullinta. Tun zamanin fatake ake kawo ta daga ƙasar Barno da gaɓar Tafkin Cadi, kuma iri-iri ce, akwai jar kanwa da ungurnu.

Kanwa 'yar'uwar hodar nan ce ta Turawa da masu yin kek ke kira bekin soda. Dukkansu gishirin sodiyam ne a cikinsu, aikinsu kuwa kashe tsami. Don haka ake jefa ta a miyar yakuwa, ake kuma cewa kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Tana sa wake ya nuna da wuri, ta ƙara wa kuɓewa yauƙi, ba a kuwa yin ɗanwake sai da ruwanta. A waɗannan wurare ɗan kaɗan ake sawa, gida duka su ci.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗakin jego. Bisa al'ada, mai jego takan yi kwana 40 tana wanka da tafasasshen ruwa, tana kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, tana shan kunun kanwa mai kauri, don a kore mata sanyi, nono kuma ya kawo. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga sakamakon binciken da suka yi a Zariya kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da waɗannan al'adu. Dalili kuwa, sodiyam na riƙe ruwa a jiki, ya tayar da hawan jini. Zuciyar da ta sha ɗawainiyar ciki wata 9 sai a daɗa mata kaya, ga kuma zafi.

Alamominsa su ne kumburin ƙafafu, da haki, da kasa kwanciya rigingine. Sau da yawa akan ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara kanwa da ruwan zafi, alhali asibiti ya kamata a nufa ba da ɓata lokaci ba.

Ba cewa ake yi a yar da kunun jego ba. Gero da kayan yaji abinci ne mai kyau. Abin nema shi ne iyayenmu da ungozomai su rage hannu wajen zuba kanwar, mai hawan jini ko ciwon ƙoda kuwa ta ƙaurace mata.