Rinin Zamani: Yadda Ake Sauya wa Manhajar Kwamfuta Riga

Garin Kura, wanda ke kudu da birnin Kano a kan hanyar Zariya, ya yi suna da sana'o'i biyu. Ta farko ita ce rini, domin tun ƙarni na 19 fatake ke ɗaukar turkuɗi da baƙaƙen rawunan nan masu ƙyalli da ake kira 'yan Kura, suna kai wa Buzaye har cikin Sahara. Ta biyu kuwa noman rani ce, wadda ta bunƙasa bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, ruwa ya riƙa bin kanal yana shayar da gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Waɗannan sana'o'i biyu su ne wannan maƙala za ta ɗauka a matsayin tsani, don bayyana wani al'amari da ake gani kamar ya yi nisa da su, wato yadda mai rubuta manhaja yake sauya mata kamanni ba tare da ya taɓa aikinta ba.

Ma'anar riga

Duk manhajar da ake aiki da ita a kwamfutar tebur tana da ciki da waje. Cikinta shi ne lissafi da ajiyar bayanai. Wajenta kuwa shi ne abin da ido ke gani a allo: tagogi, da maɓallai, da guraben rubutu, da launin kowannensu, da siffar baƙaƙe da girmansu. Tarin ƙa'idojin da ke hukunta wannan waje shi ne za a kira riga a nan.

Wasu masu fassara sukan kira shi jigo, saboda kalmar Turancin da ake amfani da ita a wannan fage ita ce dai ake amfani da ita a nazarin adabi. Amma ɗalibin Hausa ya san cewa jigo shi ne saƙon da waƙa ko labari ke ɗauke da shi, wato abin da in aka cire shi ba sauran waƙa. Abin da ake magana a kansa a nan kuwa ana iya tuɓe shi a sa wani, manhaja tana nan yadda take. Saboda haka riga ta fi dacewa. Marini yakan karɓi farin saƙi ya tsoma a karofi, ya fito da shi shuɗi ko baƙi, mabugi ya buge shi har ya yi ƙyalli, amma ko zare ɗaya na saƙar bai sauya wuri ba.

Yadda ake yin aikin

A ɗauka cewa wata ƙungiyar manoman rani a Bunkure ta sa an rubuta mata manhajar da za ta riƙa ajiye sunayen 'ya'yanta, da girman gonar kowa, da kuɗin ruwan da ya biya. Mai rubutun yana da hanya biyu. Yana iya bin maɓallai ɗaya bayan ɗaya yana rubuta wa kowanne launinsa a jikinsa. In maɓallan sun kai 200, ranar da aka ce a sauya launi sai ya koma wuri 200, kuma da wuya bai mance da wasu ba. Wannan ya yi daidai da a ce kowane manomi ya haƙa rijiyarsa. Hanya ta biyu ita ce ta kanal: a tara ƙa'idojin launi da siffa a wuri guda, a ba kowace suna, kamar "launin bango" da "launin rubutu" da "launin gargaɗi", sannan kowane maɓalli ya riƙa ɗibar nasa daga can. In aka sauya abin da ke mafari, duk wanda ke ƙasa ya samu, kamar yadda buɗe ƙofa ɗaya a babban kanal ke kai ruwa ga gonaki masu yawa.

Kwamfuta ba ta san shuɗi ko rawaya da suna ba, da lamba ta san su. Kowane ɗigo a allo haɗin haske uku ne, ja da kore da shuɗi, kuma kowannensu yana da mataki daga 0 zuwa 255. In duka ukun suna 0 an sami baƙi, in suna 255 an sami fari, tsakaninsu kuwa akwai launi 16,777,216. Alal misali, ja 20 da kore 24 da shuɗi 82 za su ba da wani shuɗi mai duhu da ya yi kusa da na baba. Ashe sauya riga, in an bi diddigi, sauya jerin lambobi ne kawai.

Wannan dabara ta raba aiki da kamanni ta daɗe. A 1979 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Trygve Reenskaug, ya tsara ta a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Amurka, inda ya ware bayanai daban, abin da ake nunawa daban. Daga baya harsunan rubuta manhaja suka mai da ita kayan aiki. Harshen Java ya zo da tsarin Swing a 1998, inda umarni ɗaya mai suna setLookAndFeel ke zaɓar riga, ko Metal ko Motif, sannan aka ƙara Nimbus a 2008. Tsarin Qt ya kawo takardar ƙa'idojin kamanni a 2006, ya aro hanyar da ake yi wa shafukan intanet ado. Masu aiki da harshen Python kuma suna da ttk, wanda ke zuwa da riguna irin su clam da alt da classic, ana kiran wadda ake so da umarnin theme_use.

Akwai wani tarko a nan da yakan kama sabon hannu. A Swing, in taga ta riga ta bayyana a allo kafin a ba da umarnin sauyi, ba za ta sauya da kanta ba, sai an bi da umarni na biyu mai suna updateComponentTreeUI, wanda ke zagaya maɓallai yana sa kowanne ya sake zana kansa. An buɗe babbar ƙofa ke nan, amma ƙananan magudanai suna toshe. Haka kuma duk maɓallin da aka rubuta wa launi a jikinsa tun farko zai ƙi bin sauran, har a ga baƙin rubutu a kan baƙin bango.

Abin da ya shafi Bahaushe

Mai karatu na iya cewa duk wannan ado ne. To, a koma ofishin ƙungiyar nan ta Bunkure. Hasken rana yana shiga ta taga ya faɗa a kan allo, magatakarda kuma dattijo ne da idonsa ya fara rauni. In rubutu ruwan toka ne a kan fari, zai iya karanta 8 a matsayin 3, a bi manomi bashin da ya riga ya biya. Ƙa'idar da hukumar W3C ta fitar a 2008 ta ce hasken bango da na rubutu su bambanta da aƙalla kashi 4.5 bisa 1, alhali baƙi a kan fari ya kai 21 bisa 1. Riga mai duhu, wadda ta yaɗu bayan da Windows 10 ta kawo ta a 2016, kwamfutocin Apple kuma a 2018, tana da daɗin kallo da dare, amma a ɗaki mai haske farin bango ya fi ta. Dalilin da ya sa ya kamata a bar wa mai aiki zaɓi ke nan.

Har ila yau, akwai mutanen da ba sa iya rarrabe ja da kore, kuma maza sun fi yawa a cikinsu. Rigar da ta nuna wanda ya biya da kore, wanda bai biya ba da ja, ba tare da wata kalma ko alama ba, ta bar irin waɗannan a duhu.

Sai dai babbar matsala ga Hausa tana wajen baƙaƙe. Tun 1991 tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ lambobinsu, amma ba kowane salon rubutu ne aka zana su a cikinsa ba. Da yake zaɓen salon rubutu yana cikin riga, sauya riga na iya sauya shi ba tare da an lura ba. In sabon salon ba shi da baƙaƙe masu lanƙwasa, kwamfuta takan aro su daga wani salon, su fito a karkace kamar baƙi a cikin dangi, ko kuma ta sa ɗan akwati a gurbinsu. Daga nan sai magatakarda ya gaji ya daina sa lanƙwasa gaba ɗaya. Ga wanda ke aikin gona wannan ba ƙaramin abu ba ne: ƙara ta koma kara, ƙasar noma ta koma kasa irin ta tumatir a kasuwa, baƙi ya koma baki. Maganin abin shi ne a rubuta sunan salon da aka tabbatar da shi a cikin rigar kanta, kamar Noto na kamfanin Google, ko Charis da Andika na ƙungiyar SIL, a kuma gwada manya da ƙananan baƙaƙen duka kafin a miƙa aiki.

Ajami kuwa ya fi haka buƙata. Yawancin dattawan karkarar Kano da allo suka fara karatu, kuma akwai waɗanda har yanzu da ajami suke rubuta lissafinsu. Ƙungiyar SIL ta zana wani salo mai suna Alkalami, wanda ta kwaikwayo daga hannun marubutan ƙasar Kano. Amma sa salon kaɗai bai wadatar ba, tun da ajami daga dama yake farawa: dole sunan gurbi ya koma dama da gurbin, jerin sunaye ya faro daga dama, kibiyar "gaba" ta juya ta fuskanci hagu. A tsarin Qt umarni ɗaya mai suna setLayoutDirection yana juya tagar baki ɗaya, muddin mai rubutu ya bar wa tsarin aikin jera maɓallai. In kuwa da hannu ya kafa kowanne, ya ce wannan ya zauna ɗigo 40 daga hagu, to nan zai zauna, ko da duk sauran sun ƙaura dama.