Haftogulobin da Farfaɗowa Bayan Zubar Jini a Ƙwaƙwalwa

Idan wata jijiyar jini da ta kumbura a gindin ƙwaƙwalwa ta fashe, jinin kan malala cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwar. Majinyacin da ya tsallake ranar farko, likitoci suka kuma toshe inda jijiyar ta fashe, bai fita daga haɗari ba tukuna. Tsakanin kwana na 4 da na 14, kusan ɗaya cikin uku na irin waɗannan majinyata kan sake shiga wani mawuyacin hali: jini ya gaza isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, sai hannu ko ƙafa su shanye, ko magana ta sarƙe. Wannan maƙala ta dubi wani furotin na jini mai suna haftogulobin, wanda ake ganin bambancinsa na gado yana da hannu a yadda majinyaci ke farfaɗowa.

Asalin matsalar shi ne jinin da ya kwanta. Bayan 'yan kwanaki jajayen ƙwayoyinsa kan farfashe su saki himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin. A cikin ƙwayar jini himogulobin abin alheri ne, amma da zarar ya fito waje sai ya zama guba. Yakan zuƙe sinadarin nitirik oksaid da ke sa jijiyoyi su saki jiki, sai su tsuke, ƙarfen da ke cikinsa kuma ya lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Aikin haftogulobin, wanda hanta ce ke samar da mafi yawansa, shi ne ya damƙe wannan himogulobin ya miƙa shi ga ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye. Masu bincike a Aarhus ta ƙasar Denmak ne suka gano ƙofar da ake miƙa shi ta cikinta, mai suna CD163, a 2001.

Tun a 1955 Oliver Smithies ya nuna cewa haftogulobin na mutane iri uku ne: Hp1-1 da Hp2-1 da Hp2-2. Ƙwayar gadon tana kan kuromosom na 16, kuma nau'in Hp2 ya samu ne saboda wani yanki nata ya maimaita kansa. Sakamakon haka furotin ɗin Hp1-1 ƙarami ne, na Hp2-2 kuwa yakan harhaɗu ya zama manyan dunƙule masu nauyi. Hankali zai ɗauka cewa ƙaramin zai fi saurin kutsawa inda jini ya kwanta, kuma binciken farko ya goyi bayan haka. Wani nazari da aka buga a mujallar Neurology a 2006 ya danganta Hp2 da yawan tsukewar jijiyoyi, gwaji a kan ɓeraye ma ya nuna hakan.

Sai dai waɗancan nazarce-nazarce na majinyata kaɗan ne. Da aka tattaro bayanan ɗaruruwan majinyata daga cibiyoyi daban-daban a 2019, ba a ga wata alaƙa tabbatacciya tsakanin nau'in haftogulobin da yadda suka warke ba. Shekara guda bayan haka wani babban nazari a Birtaniya ya zo da abin da ya fi ba da mamaki: a cikin waɗanda jini mai yawa ya zubar musu, masu ɗauke da Hp2 su ne suka fi samun sauƙi idan aka bi su tsawon lokaci. Darasin da ke nan ga mai bincike shi ne lokacin da aka auna majinyaci, da yawan jinin da ya zuba, suna iya juya sakamako gaba ɗaya. A halin yanzu babu hujjar da za ta sa likita ya sauya magani bisa nau'in haftogulobin, kuma maganin nimodifin na kwana 21 kowa ake ba.

Wani abin lura shi ne haftogulobin ɗin da ke cikin ruwan ƙwaƙwalwa ɗan kaɗan ne ainun idan aka kwatanta da na jini, don haka ko wane nau'i mutum ya gada, himogulobin kan fi ƙarfinsa. Wannan ne ya sa wasu masana suka karkata ga gwajin zuba haftogulobin kai tsaye cikin wannan ruwa, an kuma gwada hakan a kan dabbobi.

Batun ya shafi Afirka ta Yamma ta wata fuska. Nau'in Hp1 ya fi yawa a wannan yanki fiye da Turai da Asiya, sannan tun 1958 Anthony Allison da abokan aikinsa suka ba da rahoton 'yan Nijeriya da dama da ba a ga haftogulobin a jininsu ba. Zazzaɓin cizon sauro da cutar sikila duk suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini, su cinye haftogulobin ɗin da jiki ya tanada. Ke nan duk nazarin da za a yi a asibitocin koyarwa na wannan yanki sai ya auna abu biyu tare, wato nau'in da majinyaci ya gada da kuma adadin furotin ɗin da ya rage a jininsa ranar da aka kwantar da shi.