Aibin da ke Taimakon Wutar Lantarki

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya san cewa abu mai aibi ba ya daraja a kasuwa. To, ni kuwa ina so in yi muku bayanin wasu ma'adinai waɗanda ba su da amfani sai da aibi a jikinsu.

A cikin 1821 wani Bajamushe mai suna Thomas Seebeck ya haɗa ƙarafa iri biyu, ya ɗumama mahaɗa ɗaya, ya bar ɗayar da sanyi. Daga baya aka gane cewa bambancin zafin nan yana haifar da wutar lantarki. Amma wutar da ƙarfe ke bayarwa ba ta taka kara ta karya ba, domin ƙarfe, kamar tagulla, yana ɗaukar zafi da sauri kamar yadda yake ɗaukar wuta. Nan da nan gefen sanyi ya yi zafi, bambanci ya ragu. Abin da ake bukata shi ne wanda zai bar wuta ta wuce, ya tare zafi. Sai wajen 1950 masana irin su Abram Ioffe na Tarayyar Sobiyet suka nuna cewa semikondakta ya fi dacewa, wato abin da ke tsakanin ƙarfe da gilashi wajen ɗaukar wuta.

Ga inda aibi ya shigo. Ƙwayoyin zarra a cikin silikon suna jere ne reras, kamar mu a filin taron safe. In jerin ya cika babu tawaya, da ƙyar wuta ke wucewa, domin kusan kowane ilaktaron yana ɗaure a wurinsa. Sai a jefa ɗan fosfaras, wanda ke da ilaktaron 5 a bayansa maimakon 4 na silikon. Na biyar ɗin ba shi da aikin yi, sai yawo. In kuwa boron aka jefa, mai 3, sai a sami gurbi, na kusa ya matsa ya cike shi, gurbin ya koma baya, haka dai har ƙarshen layi. Idan aka ɗumama gefe ɗaya, masu yawon nan sukan tururo zuwa gefen sanyi, wutar ke nan.

Wani lokaci ma ba baƙo aka kawo ba. A cikin haɗin bismat da taluriyam, wanda ake sa wa ƙananan firiji marasa inji, bismat yakan zauna a kujerar taluriyam, ya haifar da gurabu.

Abin da ya fi burge ni shi ne, aibin nan yana kuma tare zafi, domin a cikin semikondakta yawancin zafi girgizar jeri ce ke ɗaukarsa, kuma baƙo a layi yana karya girgizar. Sai dai kamar gishiri yake a miya. In ya yi yawa, ilaktaron ma ya riƙa tuntuɓe. Shi ya sa galibin na'urorin nan ba sa mai da ko kashi 10 cikin 100 na zafi zuwa wuta.

Duk da haka, da su Amurka ta dogara a 1977 da ta harba kumbo biyu, Voyager 1 da Voyager 2, zuwa inda hasken rana ba ya isa a yi wuta da shi. Zafin fulutoniyam ke ratsa haɗin silikon da jamaniyam, kowane kumbo ya tashi da wajen wat 470. Wutar tana raguwa da kimanin wat 4 kowace shekara, har a 2025 aka sake kashe wasu na'urorinsu don saura su ci gaba da aiko saƙo.